Wanda Ke Cikin Rami: Magana a Kan Masu Gyaran Tiyon Ruwan Damagaram



Iyayenmu da suka daure suka zo, yayyenmu da ƙannenmu, ƴan fada na Birni da Zango da Garin Malam da Sabon Gari, barkanmu da yamma. An ce in yi magana a kan ruwa. To duk wanda aka haifa a Damagaram ba ya buƙatar a yi masa lacca a kan ƙishirwa. Kowa a nan ya san kukan famfo idan yana hura iska babu ko ɗigo. Kowa ya san layin bido da ƙarfe 3 na dare, ya san su wa ke tsaye a layin, ya san nawa ƴan ga-ruwa ke cewa in watan Afrilu ya kama. Ba zan ɓata muku lokaci da abin da kuka fi ni sani ba. Zan yi magana ne a kan mutum ɗaya da ba mu cika sa shi cikin zancen ruwa ba, wato wanda ke cikin rami.

Kun san shi. Kana bisa kabu-kabu kana sauri, sai ka tarar an tare rabin hanya da tulin ƙasa. Mutum uku ko huɗu ne, ɗaya da diga, ɗaya da shebur, ɗaya a ƙasa laka har gwiwa yana miƙo bokiti. Abin da ke fita daga bakin masu wucewa ba ya wuce biyu: ko dai "su ne suka yanke mana ruwa", ko kuma "kullum tono, kullum tono, ba su da aikin yi". Ba wanda ke tsayawa ya leƙa ya ga mi ake yi a ciki. Ni yau so nake mu leƙa.

Mu fara da garin kansa. Damagaram bisa dutse take zaune. Manyan duwatsun da muke gani a Birni, ƙasan garin ma haka yake, kuma dutse irin wannan ba ya riƙe ruwa da yawa. Matsalar ta girmi kakanninmu: ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Shi ya sa ruwan da muke sha baƙo ne, daga wajen gari ake kawo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Mutanen Yamai daga kogin Isa suke ɗiba, a tace a Gudel da Yantala. A Tawa sai an huda ƙasa ɗaruruwan mitoci kafin a tarar da ruwa. Kowane gari da inda yake samowa. Amma da zarar ruwan ya bar mafarinsa, labarin iri ɗaya ne ko'ina: tiyo ne binne a ƙasa, kilomita bayan kilomita, kuma duk abin da aka binne wata rana sai an tone shi.

Ga yadda abin ke tafiya a taƙaice. Inji ya jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, a sa masa magani, a tura shi ya hau shato. Tsayin shaton nan shi ne ƙarfin da ke kai ruwa gidajenmu, ba don ado aka ɗaga shi sama ba. Daga nan ya sauko cikin manyan tiyo na ƙarfe, ya rarrabu cikin matsakaita na roba, har ya zo ga ɗan siririn baƙin tiyon da ya shiga gidanku ya tsaya a kontar. Ruwa kuwa ba ya son wahala, inda ya fi sauƙi nan yake bi. Unguwar da ke kwari ta sha, wadda ke kan tudu ko a ƙarshen layi ta jira. In aka samu ɓaraka a tsakiyar hanya, ruwan da ya zube asara ce ta farko. Ta biyu ita ce ƙarfin da ya rage, wanda da shi ne ruwan zai hau tudun.

Mu yi lissafin ƴan firamare. Huda ƙarama, wadda ke zubar da lita 1 kacal a minti guda. A yini da kwana lita 1.440 ke nan. In ka zuba a bido mai lita 20, bido 72. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata. Ashe huda ɗaya da ko yaro zai iya toshewa da yatsa tana shanye rabon mutum 72 kowace rana. Ta yi wata guda ba a gyara ba, ku lissafa da kanku. Kuma wannan ita ce ƙarama. Wadda ke mai da lungu tafki har yara na wasa a ciki, wannan ba a maganarta.

To wa ke toshe ta? Bari in bi da ku aikin daki-daki, don yawancinmu tsammani muke tono ne kawai.

Kafin a sari ƙasa sai an san inda ciwon yake, kuma wannan kaɗai ilimi ne. Inda ruwa ya ɓullo sau da yawa ba nan tiyo ya fashe ba. Ruwan kan bi ƙarƙashin kwalta ko gefen tiyon ya yi tafiya, sai ya samu wuri mai taushi ya fito. Wanda bai san aiki ba zai tona a nan, ya tarar da tiyo lafiya lau, ya yi asarar rabin yini. Akwai na'urar sauraro da ake ɗorawa bisa ƙasa, an fi amfani da ita da dare in gari ya yi tsit. Inda babu ita, tsofaffin hannu kan kafa sandar ƙarfe bisa tiyo ko makulli, su ɗora kunne a ɗaya bakin, su ji shuuu ɗin ruwan da ke tserewa. Wani ma da launin ƙasa yake ganewa, ko ciyawar da ta yi kore shar a tsakiyar rani inda ba ta da dalilin yin kore.

Bayan nan sai a rufe ruwan layin. Kowane reshe yana da makullinsa a ƙasa, da ɗan murfin ƙarfe a bisa, ana zura doguwar sanda a murɗa. A takarda abu ne na minti biyar. A garinmu fa? Rairayi ya binne murfin. Ko an zo an shimfiɗa kwalta an bi ta kansa. Ko wani ya kafa rumfar shayi ko shagon caji daidai wurin. In ba a samu makullin kusa ba, dole a je a rufe na can baya, wanda ke riƙe da unguwa uku maimakon lungu ɗaya. Ranar da kuka ji an ɗauke ruwa a unguwarku alhali gyaran a wata unguwar ake yi, sau da yawa dalilin ke nan.

Sa'an nan a fara tono. Rami mai zurfin mita 1, faɗin santimita 60, tsawon mita 10, ƙasar da za a fitar ta kai wajen tan 9. Da hannu. A jar ƙasa mai tsakuwa wadda diga ke tashi da tartsatsi in ta sauka. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, kuma shekarun nan da suka wuce azumi cikin zafin ya riƙa faɗowa. Ku ɗan tsaya a nan: mutum da azumi a bakinsa, tsaye cikin ruwa har gwiwa, yana gyara ruwan da wasu za su yi buɗa-baki da shi. Kuma ba saran kan-mai-uwa-da-wabi ake yi ba. In an kusa tiyo dole a ajiye diga a koma shebur, wani lokaci a koma yatsu, don sara ɗaya na ganganci zai mai da huda ta zama fashewa. Ƙasar kuma ba tiyon ruwa kaɗai ke cikinta ba, akwai wayar lantarki, akwai wayar sadarwa. Ana tono ruwa na cika ramin, ana kwashewa da bokiti in babu injin zuƙa.

In an kai ga tiyon, a wanke shi, a duba. Wata hudar ɗaurin ƙarfe mai roba a ciki ya ishe ta, a ɗaure da kusoshi. Wata sai an yanke gutsuren da ya lalace an sa sabo an haɗa baki da baki. Daga nan ne ake gane aikin kirki da aikin a-gama-a-tafi, kuma duk a ɓoye yake, ba mai gani. Ƙa'ida ita ce a shimfiɗa rairayi mai laushi ƙarƙashin tiyo da kewayensa, don in dutse mai kaifi ya tokare shi, mota ta bi ta sama sau dubu, nan zai sake fashewa. A mai da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddannawa. Kafin a kai sama a shimfiɗa shuɗiyar ragar roba, domin wanda zai zo tono bayan shekara goma ya gan ta ya san akwai ruwa a ƙasa. A wanke cikin layin, a sa magani, a bar ruwan farko mai laka ya fita. Ko buɗe makullin ma a hankali ake yi, don ruwan da aka sako da ƙarfi cikin tiyon da iska ta cika yana bugu kamar guduma, yana iya fasa wani wurin. Mutumin da aka biya kuɗin yini, aka ce masa akwai wani ramin na jira kafin la'asar, kuna jin zai tsaya neman rairayi mai laushi?

Yanzu maganar rai. Ƙasa mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, nauyinta ya kai tan ɗaya da rabi, in ta jiƙe ta fi haka. Ya fi nauyin ƙaramar mota. Bangon rami kuwa ba ya sallama kafin ya rufto, musamman ƙasar da ruwan huda ya kwana yana jiƙawa. Ba sai ta rufe mutum ruf ba, ta kai masa ƙirji kawai numfashi ya gagara. Saboda haka ne a dokar aiki ta Faransa, ƙunƙuntaccen rami in ya wuce mita 1 da santimita 30 sai an tokare bangonsa kafin mutum ya shiga. Ba don Faransa ta faɗa na kawo ba, ƙasa ba ta san dokar kowa ba, nauyinta ɗaya ne a can da nan. Ina tambayar ku: a duk ramukan da kuka taɓa wucewa a garin nan, sau nawa kuka ga katako ko ƙarfe tokare da bango? Sau nawa kuka ga hular kwano, ko takalmin roba mai tsawo, ko safar hannu? Ni abin da na fi gani silifa ne, wani ma ya tuɓe ya ajiye a bakin rami don kada laka ta cinye masa. Ga tulin ƙasa an jibge daf da baki yana ƙara wa bangon nauyi. Ga motoci na wucewa taku biyu daga kan mutum, ba wata alama sai reshen bedi da aka kafa.

Wani zai ce, Allah sarki, abin tausayi, amma mi ya shafe ni? Ya shafe ka har cikin randar gidanku. Tiyo in yana cike da ruwa mai ƙarfi, ko da huda, waje ruwan ke fita, ƙazanta ba ta samun shiga. Amma mu a nan ruwa zuwa yake yana ɗaukewa. Duk lokacin da aka ɗauke, tiyo ya zama fanko, har yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In hudar na kusa da kwata ko masai, abin da zai shiga kun san shi, kuma in ruwa ya dawo shi zai fara isowa gidanku. Maganin da aka sa a tushe yana da iyaka, ba zai iya da kowace irin ƙazanta ba. Ba mu manta kwalarar 2018 da ta tashi a Madarunfa ba, ba mu manta ta 2021 da ta taɓa jihar Maraɗi da tamu ba. Ban ce tiyo ne ya kawo su ba. Cewa nake a garin da irin wannan ciwo ke iya shigowa, mutumin da ke rufe huda da kyau, ya wanke layi kafin ya sako ruwa, ma'aikacin lafiya ne ko da bai taɓa sa farar riga ba.

To wa ke ɗaukar mutumin nan aiki? A sama an yi ta sauye-sauye. Da can kamfanin gwamnati ne, SNE. A 2001 aka raba aikin gida biyu: SPEN ta riƙe dukiyar, wato rijiyoyi da shato da manyan ayyuka, SEEN kuma ta riƙe gudanarwa da sayar da ruwa, kamfanin Veolia na Faransa na da kashi 51 cikin 100 a ciki. Wannan yarjejeniya ta ƙare a ƙarshen 2023, daga farkon 2024 kamfanin ƙasa, NDE, ya karɓa. Da yawa cikinmu sun yi murna, an ce ruwanmu ya dawo hannunmu. Madalla. Ni ma ina ganin abin da rai ya dogara a kansa bai kamata ribarsa ta riƙa tsallaka teku ba. Amma diyaucin ƙasa in gaskiya ne, ya kamata a ji shi har ƙasan rami. In an sake suna a jikin mota da kan takardar biyan kuɗi, mai diga kuwa yana nan da silifansa, to saura aiki.

A nan sai mun bambance mutum biyu da ke bakin rami ɗaya. Akwai ma'aikacin kamfani, mai albashin wata, mai lamba, mai rigar aiki. Akwai kuma wanda ɗan kwangila ya ɗauko da safe, a yi ciniki a baki, ko kuɗin yini ko kuɗin mita. Da yawansu ƴan ci-rani ne, sun bar ƙauye bayan girbi, za su koma in damina ta faɗi. Babu takarda, babu suna a kowane littafi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya daɗe a Sefa 30.047 kafin a ɗaga shi zuwa jika 42 a wata. Ku raba jika 42 da kwanakin aiki, bai kai jika 2 a rana ba. Wannan shi ne na mai takarda. Marar takarda kuwa, abin da aka ga dama. Dokar aiki ta 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci nauyin kare lafiyarsa a wurin aiki, kuma CNSS na da reshen haɗarin aiki. Amma wanda ba a taɓa rubuta sunansa ba, ranar da diga ta sauka a ƙafarsa, a wane biro zai je ya ce ga ni? Sai a ba shi kuɗin allura a ce Allah ya sawwaƙe, gobe a ɗauko wani.

Kwanan baya na zauna da wani dattijo a bakin wani shantiye suna hutun azahar. Ya ce ya fi shekara 20 yana wannan aiki, hannun ƴan kwangila daban-daban. Na ce, Baba, cikin aikin nan mi ya fi maka wuya, rana ko dutse? Ya yi dariya ya ce ba ko ɗaya. Ya ce a unguwar da yake haya babu famfo a gidan, in ya tashi aiki da yamma sai ya sayi ruwan da zai wanke lakar jikinsa. Na yi shiru, don ban ga abin da difloma ta za ta ƙara a kan wannan ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu kuwa mun tura mutum jan ruwan gari duka da cikinsa fayau.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, dattijon nan ya san ƙasan garin nan kamar tafin hannunsa. Yana nuna mini da baki: babban tiyo ta gefen nan ya bi, a bakin masallacin can ya karya, akwai makulli ƙarƙashin dakalin mai nama. Unguwanni sun faɗaɗa, an yi gini inda da fili ne, taswirar da ke cikin biro ba kullum take tafiya daidai da abin da ke ƙasa ba. Wani sashe na taswirar gaskiya yana cikin kawunan irin su Baba. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare ya koma ƙauye, da ita zai tafi, kuma ba wanda zai san an yi asara sai ranar da aka tona rami biyar ana neman tiyo ɗaya.

Ina so in yi magana da ƴan uwana da suka yi jami'a, don mu ne muka fi surutu a Facebook. An rene mu a kan cewa karatu shi ne hanyar tsere wa shebur. Uwa na ce wa ɗanta, yi karatu kada ka zama lebura. Har kalmar ta zama abin zagi. Ga sakamakon nan muna gani: dubban masu difloma zaune a fada ana jiran aikin biro da ba ya zuwa, shayi na farko, na biyu, na uku, aikin da gari ba ya kwana ɗaya ba tare da shi ba kuma an bar shi ba daraja, ba tsaro, ba gaba. Ba cewa nake kowa ya tashi ya ɗauki diga ba. Cewa nake in da aikin na da albashin kirki da inshora da horo da matakin da mutum zai hau, daga mai tono zuwa mai haɗa tiyo zuwa shugaban ayari, da yawa cikin ƙannenmu da ke kama hanyar Agadas ko Libiya da sun tsaya sun yi shi da alfahari.

Na san abin da wasu za su ce, an ma faɗa mini kafin in hau nan: matsalar Damagaram ta rashin isasshen ruwa ce daga tushe, a ƙaro rijiyoyi, a ƙaro shato, a daidaita wutar lantarki, maganar leburori ƙaramar magana ce. Gaskiya ne ruwan bai isa ba, gari na girma, kuma in wuta ta ɗauke inji ya tsaya. Ba mu janye ko ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu ba. Amma sabon aiki na biliyoyi shekaru yake ɗauka, sai an nemo kuɗi, sau da yawa bashi. Litar da aka hana zubewa kuwa an riga an jawo ta, an sa mata magani, an biya wutar da ta hau da ita shato. Babu ruwa mai araha kamar ta. Manya sun fi son aikin da ake yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Ba wanda ke gayyatar gwamna bikin toshe huda. Shi ya sa kuɗin gyara ne ake fara matsewa, kuma in an matse shi, a wuyan na ƙasan rami yake ƙarewa.

Mutanen gari ma da nasu. Murfin makullin da ake cirewa a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, wa ke cirewa? Wanda ke zuwa da dare ya huda tiyo ya ja layin sata ya ɗaure da robar taya, ya bar wa unguwa ɓaraka, baƙo ne? Mai hali da ke haɗa injin zuƙa kai-tsaye a kan layi ya janye ruwan maƙwabta, ya kuma ƙara jawo ƙazanta cikin tiyo, a wace unguwa yake? Huda na zuba sati biyu a ƙofar gida, kowa na tsallakewa yana cewa ai wani ya kira. In ma'aikatan suka zo kuma a tare su da baƙar magana, kamar su ne suka tsara rabon ruwa. Wanda ke riƙe da shebur bai san ma wa ya sa hannu a takardar ba. In akwai fushi, kuma akwai dalilin fushi, a kai shi inda ake yanke shawara.

Ga abin da nake ba ƙungiyarmu shawarar ta ɗauka. Takardar da muke shirin kai wa hukumomin ruwa da ma'aikatar magajin gari a kan rabon ruwa tsakanin unguwanni, a ƙara mata babi guda a kan masu aikin. Mu tambaya a rubuce: mutum nawa ke aikin gyaran layi a garin nan, nawa ne ma'aikatan dindindin, nawa ne na ƴan kwangila? Mu nemi duk kwangilar da za a bayar ta tono ko shimfiɗa tiyo a rubuta a cikinta cewa sai an yi wa kowane lebura rajista a CNSS, an ba shi takalmi da hula da safar hannu, an tokare rami mai zurfi, an ajiye ruwan sha da inuwa a wurin, kuma ɗan kwangilar da ya saɓa kada a sake ba shi. Kuɗin jama'a ne, jama'a na da bakin magana a kan sharuɗɗansa. Mu nemi masu binciken aiki na jiha su riƙa leƙa shantiye ba sai an yi rasuwa ba. A watannin zafi a mai da tono safiya da yamma in ba gyaran gaggawa ba ne. Waɗanda suka daɗe a aikin kuma a ba su horo da takardar shaida, a zauna da su a gyara taswira tun suna nan.

Wata ƴar uwa ta ce mini mu riƙa ɗaukar hotonsu muna sawa a shafi don duniya ta gani. A yi hattara da wannan. Hoton mutum ba takalmi cikin rami, mu za mu samu masu dannawa da masu rabawa, shi kuma gobe a ce kada ya dawo. A ɗauki ramin, a ɗauki bangon da ba a tokare ba, a rubuta rana da wuri. Fuskar mutum sai da izininsa, kuma bayan an gaya masa abin da ka iya biyowa baya.

Wanda ba ya buƙatar izinin kowa kuma mu fara shi da kanmu. Kowace fada ta ɗauki lungunanta. A zaga a rubuta duk inda ruwa ke zuba, a kira kamfani, a rubuta ranar da aka kira da ranar da aka zo. Bayan wata uku za mu samu alƙaluman da mu muka tara, ba wanda zai ce mana ƙirƙira muka yi. A nemo murafan makullai da rairayi ya binne, a share, a shafa fenti a bangon da ke kusa, a roƙi mai rumfar da ke kai ya ɗan matsa. In ayarin gyara ya zo lungunku, a tare musu hanya daga motoci, a fito da ruwan sanyi in ba azumi ba, a kori yara daga bakin rami.

Akwai takarda a bakin ƙofa wajen ƴan uwan da ke riƙe da rajista, kowa ya rubuta unguwarsa da fadarsa. Ranar Asabar da ƙarfe 7 na safe za mu fara da Garin Malam. Mai shebur a gida ya zo da shi, muna kuma neman gwangwanin shuɗin fenti biyu da buroshi.